Mai Sunan Alhaji

In ka zo unguwarmu a cikin garin Daura kana neman Nu'uman, kada ka wahalar da bakinka da wannan suna, ba wanda zai nuna maka shi. Ka ce Mai Suna. Ko yaron da bai iya ɗaura wando ba zai kai ka ƙofar wani tsohon zaure, ya nuna maka dogon mutum mai furfura a gemu, zaune a kujerar katako yana kallon titi kamar mai jiran mota. A nan na san shi tun muna yara, a nan kuma na baro shi jiya da la'asar.

Ni sunana Sama'ila, dillalin dabbobi ne, kuma ni da shi sa'anni ne. An haife mu shekarar da aka rasa manya. Haka tsofaffinmu ke kiran alif ɗari tara da sittin da shida, shekarar da sojoji suka kashe shugabannin Arewa a Kaduna da Ikko ana cikin azumi. Waɗannan kowa ya san sunayensu. Amma mu a unguwarmu, in ana lissafin manyan da shekarar ta tafi da su, da Alhaji Nu'uman ake rufewa. Attajiri ne mai sayen gyaɗa, jigo a siyasar lokacin, mutumin da baƙin Kaduna ke sauka a zaurensa. An ce yana zaune gaban rediyo ya ji labarin, ya ce a kama shi a kai shi cikin gida, bai sake fitowa da ƙafarsa ba. Kafin a ga watan salla ya rasu. Na sha ambaton sunansa a Kano da Katsina a tambaye ni wane ne kuma wannan. Ban taɓa kawo wannan labari gida ba, don ina son haƙorana.

Alhaji yana da wani bara mai suna Mati, shi ke masa awon gyaɗa a sikeli. Ranar da aka binne Alhaji matar Mati, Kulu, ta haifi namiji. Ka ga ke nan ranar suna ta faɗo daidai da sadakar bakwai. Ƙofar gida cike da mutane, sai wani dattijo ya ɗaga murya ya ce Allah ya mayar mana da Alhaji. Kowa ya ce amin. Ba wanda ya juya ya tambayi Mati sunan da yake so, shi ma bai ga fuskar da zai faɗa ba, a ƙofar ubangidansa, gaban 'ya'yan ubangidansa. Aka raɗa wa jariri Nu'uman.

To, a gidan nan ba mai iya kama sunan Alhaji, daga matansa har barorinsa. Sai aka koma kiran yaro Mai Suna. Da aka yaye shi, amaryar Alhaji, Hajiya Siddiƙa, wadda kowa ke kira Maiturare saboda turaren wutar da take haɗawa, ta aika aka ɗauko mata shi. Ita Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma sashen da take ciki ya faɗo a rabonta na gado. Ta ce ita za ta riƙe maigidanta. Da wasa aka fara maganar, irin wasan da mata ke yi da takwaran miji, amma Hajiya ba wasa take ba. Ta taɓa yin wani aure a Zango, ba a rufa shekara ba ta dawo, ta ce ba za ta iya barin Maigida shi kaɗai ba.

Muna yara, wallahi hassadarsa muke yi. Ba a aikensa. Ba a dukansa. Ba a yi masa tsawa, don wa zai buɗe baki ya yi wa Alhaji tsawa? In mun yi ɓarna tare, ni a zane ni, shi a ba shi fura. Wata rana malamin firamare ya ɗan taɓa shi da bulala, Hajiya ta yafa mayafi ta je har ofishin hedimasta, tun daga ranar ko aikin gida bai yi ba sai dai a ce Allah ya kyauta. Ni kuwa sau ɗaya na kira shi Nu'uman a gaban babana, ban manta marin ba har yau.

Sai da muka fara gemu na gane abin ba daɗi ba ne. Mutumin nan Allah ya sa masa son dabba. In garken shanu ya gitta ta ƙofar zaure, sai ka ga ya miƙe tsaye yana binsu da ido har su sha kwana. Lokacin na fara bin kawuna kasuwar Mai'adua, sai ya dinga tsare ni da tambaya, yaya aka sayar da wane, bajimin nan na jiya daga Nijar yake ko daga Zango. Rannan na ce masa tambayar ta ishe ni, in yana so ya zo mu tafi. Ya ce wa Hajiya zai je gaisuwar rashin lafiya, muka hau mota.

Ban taɓa ganin mutum ya canza kamar yadda ya canza a cikin kara, wato kasuwar shanu, ba. Ya tuɓe riga ya rataya a kafaɗa, ya naɗe wando, ya shiga cikin shanu yana dafa wannan yana buɗe bakin wancan. Wani Bafillace ya daka masa tsawa ya ce kai dogo, matsa ka ba mu hanya. Ya juyo yana dariya har da hawaye, ya ce mini, “Sama'ila, ka ji? Ni yake wa.” A nan na fara kiransa Nu'uman baki buɗe, yana amsawa da ƙarfi kamar wanda aka biya.

Sau uku ko huɗu muka yi haka kafin asiri ya tonu. Wani ɗan unguwarmu, Allah ya jiƙansa duk da haka, ya gan shi riƙe da igiyar bajimi, kashin shanu har gwiwa, ya rigaye mu isowa gida. Bai ce ya ga Mai Suna ba. Cewa ya yi an ga Alhaji a kara yana jan bajimi. Hajiya ta rufe ƙofa ta daina cin abinci. Babban ɗan Alhaji ya taso daga Kaduna, ya zaunar da Nu'uman ya ce sunan mahaifinsu ba na shiga turken shanu ba ne, in sana'a yake so za a buɗe masa shago a jikin zaure. Mati, wanda ya haife shi, yana tsugune a gefe bai ɗaga kai ba. Nu'uman ya shiga wajen Hajiya ya yi mata alkawari muddin tana raye ba zai sake taka kara ba. Sannan ta karɓi kunu.

Shagon kuwa an buɗe, sabulu da ashana da sukari. Bai yi ƙarko ba, don kowa ya zo sai ya ɗauki kaya ya ce ai gidan Alhaji ba a hana mutum, shi kuma ba ya iya hanawa. Abin da ya rage masa shi ne zaure. 'Ya'yan Alhaji suka watse Kaduna da Kano da Abuja, suna aiko da hatsi da kayan salla, shi kuma yana buɗe ƙofa da safe, ya sa a share, ya zauna. Aka yi masa aure da Shatu, mace mai haƙuri, aka ba su ɗaki biyu a bayan zaure, suka haifi Kabiru da ƙannensa mata. Baƙi suna kiransa Alhaji, alhali Kano ce iyakarsa. Kowace shekara sai a ce baɗi za a biya masa Makka.

Babban aikinsa na shekara yana zuwa ne cikin goman ƙarshe na azumi, ranar addu'ar Alhaji. A bangon zaure akwai hotunan manyan da suka rasu a waccan shekarar, jere, sun yi ja saboda tsufa, na Alhaji a ƙarshe kuma ya fi sauran girma. Ranar sai Hajiya ta buɗe akwati ta fito da rigar Alhaji, wata saƙi mai nauyi, ta turara ta da kanta, a saka wa Nu'uman, a zaunar da shi ƙarƙashin hotunan. Malamai su yi karatu, mutane su bi layi suna durƙusawa suna gaishe shi. In shekarar zaɓe ce 'yan siyasa har rububin ɗaukar hoto suke da shi. Alhaji gajere ne mai jiki, shi kuwa dogo ne siriri, saboda haka rigar ba ta taɓa yi masa daidai ba, a ƙwauri take tsaya masa. Na tsani ranar nan. Ina zuwa ne kawai don in ya ɗago ido ya ga fuska ɗaya da ta san shi.

Kada a ce Hajiya muguwa ce, ba haka ba ne. Ban taɓa ganin uwar da ta so ɗa kamar yadda ta so shi ba. Ko da gemunsa ya yi fari, ita ke ajiye masa ƙanzon tuwo, in ya yi tari sau biyu ta aiko da citta da kanumfari. Da idonta ya mutu, shi ke kama hannunta ya kai ta bakin rana da safe. Shi ma yana sonta, abin da ya ɗaure shi ke nan. Da zagi take yi da tuni ya tafi.

Abu biyu ya riƙe a ransa. Na farko wata 'yar gona da Mati ya bar masa a hanyar Dutsi, wadda wani ke nomawa yana kawo masa abin da ya ga dama. Na biyu rago. Kowace shekara yana sa in saya masa ɗan rago, in ɗaure a gidana. Bayan la'asar sai ya zo, ya rataye hula da riga a ƙusa, ya tsuguna yana dama dusa da hannunsa, yana sosa masa wuya, yana yi masa magana. In layya ta matso ni ke kaiwa kasuwa, shi ko ƙofar gida ba ya fitowa da shi. A wajen ragon nan yake yi mini lissafin gonar: inda zai yi ɗaki, inda zai kafa turke, bajimi biyu don farawa. Ba ya taɓa cewa in Hajiya ta rasu. Sai dai ya ce in Allah ya kawo lokaci, sai kuma ya yi istigfari.

Lokacin ya zo bara, ana saura 'yan makonni layya. Hajiya ta kwanta ba ta tashi ba, ta cika kanta a cinyarsa. Ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin namiji mai jikoki ya yi ba. Ni ma na yi, amma ba zan ɓoye ba, a hanyar dawowa daga maƙabarta ina ta tunanin inda za a samu bajimai masu sauƙi.

Washegari Hasana, matar Kabiru, ta haifi mace.

Tun kafin a yanke cibiya matan unguwa suka ɗauki guɗa suna cewa Maiturare ta dawo. Wata ta kawo kasko ta zuba turaren Hajiya a ɗakin mai jego. Kabiru ya zo ya durƙusa ya ce Baba kai za ka yi mata huɗuba, sunan ma kai za ka zaɓa. Nu'uman ya shiga, ya ɗauki jaririya, ya yi mata kiran salla a kunne, ya raɗa mata abin da ya raɗa. Ba wanda ya tambaye shi, don kowa yana ganin ya riga ya sani.

Cikin masu zaman makoki akwai jikan Alhaji, Injiniya Suhaibu, wanda yanzu shi ke riƙe da ragamar zuri'ar daga Abuja. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ina zaune ya matso kusa da Nu'uman ya ce, “Baba, mun san abin da ka yi wa gidan nan, kuma Hajiya ta faɗa mini maganar gonarka tun bara. Ta sani, ai. Ga yadda muka tsara. Tunda Allah ya mayar mana da ita, Kabiru da iyalinsa su dawo sashenta, yarinya ta tashi a ɗakin mai sunanta, karatunta da komai namu ne. Kabiru ya riƙe zaure. Kai kuma ka huta, ka je ka yi abin da ranka ke so. In ranar addu'a ta zo ka leƙo mu.”

Na kusa tashi in yi rawa a gidan mutuwa. Kabiru, wanda ke fama da haya da tsohon babur, fuskarsa ta washe. Nu'uman kuwa ya ce Allah ya saka da alheri.

Da la'asar ya zo gidana, ya tsuguna gaban rago bai ko cire hula ba. Na ce to, Nu'uman, an buɗe ƙofa, yaushe za mu je mu auna wurin turke? Ya ce, “Ɗazu na shiga wajen mai jego. Yarinyar nan tana tsala kuka, uwarta ta ɗaga ta tana cewa yi shiru mana, kin ishe ni. Sai wata tsohuwa ta ce ke Hasana, Hajiya kike wa magana haka? Hasana ta ba da haƙuri. Sama'ila, jaririya ta ba wa haƙuri.”

Na ce masa wannan ai al'ada ce, kowa yana sa sunan mamaci, ga masu suna nan birjik a gari suna sana'arsu ba abin da ya same su. Ya ce haka ne, amma ba a gidan nan ba. Na yi masa faɗa sosai. Na ce shekarunka nawa, gwiwarka ma ta fara ƙara, in ba yanzu ba sai yaushe? Na ce yarinya mace ce, za ta yi aure ta bar gidan. Ya ce Hajiya ma ta yi aure ta bar gidan. Sai na zage shi, ya yi murmushi, don ni kaɗai ke zaginsa a duniya.

Ranar suna, bayan sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar zaure. Injiniya ya sa an kawo wani ƙaton rago daga Katsina an ɗaure a gindin darbejiya. Ana jiran Mai Suna ba a gan shi ba. Can sai ga shi ya ɓullo daga lungun gidana, ba babbar riga, wando a naɗe, yana jan ragonsa da hannunsa ta tsakiyar titi, ragon yana turjewa shi yana ja. Wasu dattawa suka sunkuyar da kai don kunya. Ya miƙa wa mahauci igiya ya ce wannan za a yanka, na Injiniya a ajiye wa layya.

Ya zauna kusa da liman, aka raba goro. Liman ya kawo kunne, ya faɗa masa. Liman ya ɗago ya dube shi, ya sake kawo kunne. Sannan ya gyara murya ya ce an samu Rauda, Allah ya raya ta. Duk zuri'ar Mati da ta Alhaji ba a taɓa yin mai wannan suna ba. Amin ɗin da aka amsa ko rabin wurin bai kai ba. Daga cikin gida aka fara guɗa, aka katse a tsakiya.

Injiniya bai yi fushi a fili ba. Da mutane suka ragu ya zo ya tsuguna ya ce, “Baba, ikonka ne. Sai dai ka san sauran dangi ba za su yarda a ba Kabiru sashen Hajiya haka kawai ba, dalilin da zan ba su ke nan ya tafi. Gidan kuma ba zai zauna ba kowa ba. Yaya za mu yi da zaure?”

Ya ce, “Ina nan.”

Kabiru ya yi wata biyu ba ya cin abinci a gidan ubansa. Shatu ta ce ita ba ta ga laifin kowa ba, ta ci gaba da tuwonta. Da na kawo maganar sabon rago, Nu'uman ya ce in bari tukuna. Har yau ban daina jin haushinsa ba, kuma har yau ban iya cewa ya yi kuskure ba. Gonar tana nan, bana gero aka shuka.

Azumin da ya wuce aka yi addu'ar Alhaji kamar kullum. An ƙara hoton Hajiya a bango. Shatu ce ta turara rigar, ba ta iya haɗin ba, sai ƙauri take. Aka zaunar da shi, malamai suka gama, aka fara layin gaisuwa. Hasana ta zo taya aikin buɗa-baki, ta ajiye Rauda a soron ciki, yarinya ta rarrafo ta tsakanin ƙafafun mutane har gabansa, ta kama bakin rigar Alhaji ta cusa a baki. Sai ga muryar uwarta daga bayan labule, da ƙarfi, kowa na ji.

“Ke Rauda! Saki nan, don gidanku! Zo nan kafin in zo in same ki!”

Wani ɗan siyasa yana durƙushe da hannu a miƙe yana jiran a gaisa. Nu'uman bai gan shi ba. Ni ya nemo da ido a bakin ƙofa, yana danne dariya, ya ce, “Sama'ila, ka ji?”

Na ce na ji. Sannan ya gyara rigar a kafaɗa, ya miƙa wa mutumin hannu.